Ruwan Alhamis

A shekarar da ta biyo bayan babban fari, ba wanda zai gaishe ka a Tamale bai ɗaga kai ya dubi sama ba. An sha wuya a tamanin da uku. Damina ta ƙi, wuta ta cinye daji da rumbuna, ga 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun dawo da katifa a ka, ciki kuwa wayam. An ci masarar agaji mai launin rawaya har ta gundire kowa, aka kuma gode wa Allah da samunta. Abin da ya rage wa manomi shi ne iri, ɗan abin da ya ɓoye wa yunwar 'ya'yansa a tukunya ya liƙe bakinta da laka. In wannan ya tafi, to babu wani a bayansa.

Mashudu ɗan unguwar Nyohini ne, yana aiki a wani ƙaramin ofishin duba yanayi da ke bayan gari. Ubansa Bahaushe ne mai fataucin goro, uwarsa Badagomba, dukansu sun rasu, don haka yana zaune a gidan yayarsa Azeta, wadda ke sayar da koko a bakin titi. Unguwa ba ta kiransa da sunansa, sai Karaci, kamar yadda ake kiran duk wanda ya yi boko yana sa wando da riga ciki. Ba don ƙauna kaɗai ake kiransa haka ba. Yaro ne mai zafin kai, wanda ba ya iya wuce majalisar ƙofar masallaci ya ji ana cewa sai yadda Allah ya yi, bai tsaya ya ce Allahn da ya yi fari shi ya ba mutum ido da hankali ba. Dattawa su ce ya yi tafiyarsa, boko ya cika masa ciki. Shi kuwa ya tafi yana huci, yana cewa garin nan ba fari ne zai kashe shi ba, zaman jira ne.

Amma akwai abin da majalisa ba ta sani ba game da shi. Lokacin da aka tura shi koyon aiki can bakin teku, yammacin Takoradi, ya zauna kusa da wani ƙauyen masunta. Shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin unguwarsu ba, sai ga shi yana kallon 'ya'yan masunta suna kwanciya a kan ɓallin tsohon kwalekwale, igiyar ruwa ta ɗauko su tun daga can ciki ta kawo su har kan yashi suna ihu. Wani masunci mai suna Ekow ya ga yadda yake haɗiyar yawu, ya sassaƙa masa katako mai faɗi, ya koya masa iyo, ya koya masa kwanciya, daga baya ya koya masa miƙewa tsaye. Ya sha ruwan gishiri har ya yi amai, ya fasa leɓe, ya goge gwiwa. Ranar da ya fara tsayawa a kan katakon, ruwa na gudu da shi kamar doki ya ƙwace linzami, ya ji abin da bai taɓa ji ba, bai kuma iya faɗa wa kowa a Tamale ba. Wa zai gaya wa, a garin da ake tashi da asuba a bi layin famfo, cewa shi wasa yake yi a kan ruwa?

Da aka maido shi gida, katakon ya zauna a wurin Ekow, amma tekun ya biyo shi ofis. In ya gama auna zafi da laima ya aika lambobinsa, sai ya murɗa rediyo ya kama rahoton jiragen ruwa da ke can kudu mai nisa, ya riƙa ɗiga alama a taswirar bango. Ya koyi cewa igiyar da ta fi daɗin hawa ba iskar bakin gaɓa ke haifarta ba. Hadari ne ke tashi a tsakiyar teku, inda babu ƙasa ko kaɗan, ya tura ruwa ya yi ta tafiya kwana da kwanaki, yana shiryuwa layi-layi a hanya, har ya iso gaɓa da tazara mai tsawo tsakanin wannan igiya da waccan. In aka yi dace da safe iska na fitowa daga tudu zuwa teku, sai ta tallafe fuskar igiyar ta tsaya santal kamar bango. In rana ta ɗaga iskar teku ta juyo, duk ta dagule. Daga girman hadarin da nisansa Mashudu yakan ƙiyasta ranar da ruwan zai iso ƙauyen Ekow, ya zauna a Tamale yana cizon yatsa.

A ƙarshen watan Afrilu ya ga hadarin da bai taɓa ganin irinsa a taswirar ba. Ya nemi hutun da ya daɗe bai ɗauka ba, aka ba shi. Ya samu Issah direba, wanda zai kai shanu kudu ranar Litinin, ya yarda ya ba shi wuri a gaba. Bai gaya wa Azeta zancen tafiyar ba tukuna, don ya san abin da za ta ce. Amma murna ba ta bar bakinsa ya rufu ba. Ranar Asabar da safe ya tsaya da kekensa a gaban tukunyar kokonta, mutane cike da benci, kowa da ƙwaryarsa.

"Yaya, ruwa na zuwa!" ya ce, yana karɓar nasa kokon. "Alhamis, in ya yi jinkiri Juma'a. Babba, wallahi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba."

Ludayi ya tsaya a hannun Azeta. "Karaci, ka tabbata?"

"Na lissafa, na sāke lissafawa. Tun daga nesa ya taso, yana hanya yanzu haka. Da safe iska za ta kwanta, sai ki ga ruwa ya miƙe."

Ya shanye kokonsa, ya haye keke, ya tafi yana fito.

Da da Dagbanci ya yi maganar, da ba a yi haka ba, don a Dagbanci na sama saa ne, na tulu da na kogi kom ne, ba mai haɗa su. Amma da Hausar gidansu ya yi ta, inda ruwa duk ruwa ne. A shekarar nan kuwa, a garin nan, daga bakin ma'aikacin duba yanayi, kalmar ba ta da ma'ana biyu a kunnen kowa. Kafin kokon Azeta ya ƙare, wani ya juya zancen zuwa Dagbanci, ya ce saa. Daga nan babu sauran gyara. Ya shiga kasuwa, ya bi masu itace zuwa Dungu, ya bi masu keke zuwa Kasalgu, inda kawun Mashudu, Imoru, ƙanen mahaifiyarsa, ke noma.

Ranar Litinin da hantsi Mashudu na zaune a gaban lorin Issah, jakarsa a cinya, shanu na ta dukan katako a baya, sai ga Kadiatu mai nono da ƙwaryarta a ka. Bafulatana ce daga rugar bayan gari, ta san kowane gida tsakanin Kasalgu da Nyohini, don ba ƙofar da ba ta sallama. Da ta hango shi sai ta sauke ƙwarya ta ɗaga hannu biyu.

"Mai ruwa! Allah ya yi maka albarka, Allah ya jiƙan Ashetu da ta haife ka. Ina kuma za ka, ga ruwanka na zuwa?"

"Wurin ruwan za ni, Inna," ya ce yana dariya. Sai dariyar ta tsaya. "Wa ya gaya miki?"

"Wa bai gaya mini ba? Kawunka tun jiya ya fasa bakin tukunyar iri. Laraba zai yi binne, shi da rabin Kasalgu, don ruwan Alhamis ya tarar da iri a ƙasa."

Mashudu ya ƙura mata ido. Ya san abin da binne ke nufi: a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira sama. In ruwa mai yawa ya zo ya kuma ɗore, an ci riba. In yayyafi ne ya jiƙa shi ya tsiro sannan rana ta dawo, ya mutu a tsaye. Ya kuma san abin da na'urorinsa ke faɗa duk makon nan game da saman Tamale, abin da bai damu ya gaya wa kowa ba saboda hankalinsa na can wani ruwa.

Ya buɗe ƙofa ya diro.

"Kai, Karaci!" Issah ya leƙo ta taga. "Na hana mutum uku wurin nan saboda kai. Ka ga budurwa ne?"

"Ka ba wani, Issah. Ba ni zuwa."

"To wa zai riƙa tura mana mota in ta mutu? Na ɗauka boko na da ƙarfi!"

Mashudu ya saɓa jakarsa. Ya juya wurin Kadiatu ya yi mata bayani a gurguje, cewa ruwan da ya faɗa na teku ne, can bayan Takoradi, ba na sama ba, kuma don Allah duk gidan da ta shiga yau ta ce kada a taɓa iri. Ta dube shi tun daga takalmi har gashi.

"Jiya da na kai labarin ruwa, har wanda bai da niyya ya sayi nono. Yau in koma in ce babu? Da muciya za su biyo ni."

"Inna, irinsu ne."

Ta gyara gammo, ta ce ya ɗora mata ƙwaryar. "Zan faɗa. Amma zan ce kai ne ka yi shirme, ba ni ba."

"Ki ce haka. Gaskiya ce."

Ya biya ta gida don ya ɗauki keke. Azeta na wanke tukunya, ta ga jaka a kafaɗarsa, ta ji bayani, ta miƙe da soso a hannu.

"Teku? Kana nufin duk wannan rawar kai a kan wankan teku ne? Mutane na cin ganye, kai kana lissafin ranar da za ka je ka hau katako kamar ɗan kwaɗo?"

"Ke kuma wa ya ce ki yi shela?"

"A kan benci ka faɗa, gaban mutum goma sha! In mai duba sama ya ce ruwa, me kake so in ji, ruwan wanka?" Ta jefa soson cikin tukunya. "Maza ka tafi wurin Kawu. In irin nan ya lalace, ni da kai ba mu da fuskar shiga Kasalgu har mu mutu."

Ya tarar da Imoru a gindin ɗorawar ƙofar gida, an shimfiɗa tabarma, matan gida na tsince masarar iri suna ware mai ƙwari. Tukunyar na gefe, bakinta a fashe. Mashudu ya jingine keke, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida kawunsa da Dagbanci, yana amsa naa, naa, har gaisuwa ta ƙare. Sannan Imoru ya koma Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji, don da ita ya saba yi wa 'ya'yan yayarsa magana.

"Azeta ya aiko mana da albishir. Ka kyauta, ɗana."

"Kawu, abin da ya kawo ni ke nan. Ba ruwan sama na ce ba."

Hannuwan matan suka tsaya a cikin masara. Mashudu ya fara bayani, tun daga hadarin tsakiyar teku har zuwa katakon Ekow. Bai taɓa jin maganarsa ta yi masa nauyi a baki kamar ranar ba. Imoru ya saurara har ƙarshe, yana murza ƙwayar masara tsakanin yatsu.

"Tsaya. Kana hawa ruwa?"

"E, Kawu."

"Kamar jaki?"

"Kusan haka."

"Ya kai ka ina?"

"Bakin gaɓa. Sai in koma ciki in sāke hawa wani."

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya ta rufe baki da gyale. Imoru bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙwayar masarar a hankali a kan tabarma.

"To. Na'ura naka ya ga ruwa a bayan Takoradi, inda ko tsuntsu ba ya zuwa. Na kan gonata fa, ba ya gani?"

"Yana gani."

"Me ya sa ba ka taɓa zuwa ka faɗa mini ba?"

Mashudu ya buɗe baki zai ce ba wanda ya taɓa tambaya, cewa duk lokacin da ya yi zancen auna yanayi ana ce masa yana shiga hurumin Allah. Maganar gaskiya ce, ta kuma zo har kan harshensa da zafinta. Sai ya dubi tukunyar, ya ga ko rabi ba ta kai ba, ya tuna da yaran gidan nan da ya gani bara wuyansu kamar zare, wannan masarar na ɗaki an hana su. Ya haɗiye maganar.

"Ga ni na zo yanzu, Kawu."

"To faɗa mini na gonata."

Ya gyara zama ya faɗa. Iskar da ke kawo damina, in ji shi, daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ta riga ta iso Tamale, shi ya sa ake jin gumi, amma har yanzu siririya ce, kamar tabarma a ƙasa, a samanta kuwa busasshiyar iska ce ke mulki. A ofis suna da balan-balan da suke cikawa da gas su saki, su bi shi da madubin hange, ko da yake yanzu ana tsiminsa don ba a kawo sabo ba. In ya tashi, iskar teku takan fara tura shi arewa maso gabas. Da ya fita daga cikinta sai ya juya ya nufi yamma. Duk makon nan da wuri yake juyawa. Ranar da ya yi ta hawa bai juya ba, laima ta yi kauri, damina ta kafa ƙafa.

"Kafin nan ana iya samun ruwa ɗaya, har da tsawa. Kada ya ruɗe ka. Ba shi da na baya."

Imoru ya kalli sama ta tsakanin ganyen ɗorawa. Sannan ya ce a kawo laka. Da hannunsa ya mayar da masarar, ya liƙe bakin tukunyar.

"Na rufe da magana naka. Da magana naka zan buɗe. Kai da kanka za ka zo, ba aike ba, ba wurin koko ba."

Ranar Alhamis da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe kwanon rufin wani shago a Nyohini, tsawa ta tsaga sama, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suka jera bokitai a ƙarƙashin indararo, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari har wasu tsofaffi suka yi hawaye. Bai daɗe ba ya ɗauke. Amma ya sauka, kuma ranar Alhamis ya sauka. Majalisar ƙofar masallaci ta yanke hukunci tun kafin magariba: Karaci ya faɗi gaskiya da farko, daga baya ya ji tsoron manyansa ya janye. Wasu suka ce so yake kawunsa kaɗai ya riga kowa shuka.

Washegari da sassafe Mashudu ya saki balan-balan, ya manna ido a madubi. Balan-balan ya tashi, ya karkata arewa maso gabas, Mashudu na roƙon Allah a zuci ya ci gaba, ko da hakan na nufin shi ne ya yi kuskure. Bai yi nisa ba ya juya.

Mashudu ya taka keke zuwa Kasalgu. Gonaki cike da mutane, kowa a duƙe, ana sara ana jefa iri ana takewa. Imoru na tsaye a bakin gonarsa da fartanya a kafaɗa, bai sara ko ɗaya ba. Maƙwabcinsa Andani, wanda aka yi musu kaciya tare, ya ɗago daga kunyarsa yana share gumi.

"Imoru, ga malaminka ya iso! Tambaye shi ko wannan ma ruwan teku ne ya ɓata hanya."

Aka yi dariya daga gonaki uku. Imoru ya sara ƙasa sau ɗaya, ya tura hannu cikin ramin. Sama-sama danshi, ƙasa kuwa gari ne busasshe. Ya nuna wa Mashudu, Mashudu ya gyaɗa kai.

"Balan-balan naka ya ce me?"

"Ya juya, Kawu. Da wuri."

"In ka yi kuskure fa?"

"Ina iya yi. Sama ba ta rantse mini ba. In na yi kuskure, su Baba Andani sun riga ka da 'yan kwanaki, masararsu ta fi taka tsawo. In ban yi ba, kai kana da iri."

Imoru ya dubi gonar Andani, ya dubi tasa. Mashudu ya ga yadda yatsun tsohon ke matse ƙotar fartanya, ya gane cewa tsayuwar nan a bakin gona, kowa na shuka kai kana kallo, ta fi duk wata gardama da shi ya taɓa yi a ƙofar masallaci wuya. Tsohon ya saɓa fartanyarsa ya juya gida.

Kwanakin da suka biyo baya Mashudu bai ji daɗin abinci ba. Masarar Andani ta tsiro, layi-layi, kore shar, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba, sannan ya dubi gonar Imoru da ke kwance ja wur ya girgiza kai. A bencin Azeta aka daina kiransa Karaci aka koma Sarkin Teku. Azeta, wadda a gida ba ta fasa yi masa faɗa ba, a waje ta ce duk wanda ya sāke faɗa ya nemi wani wurin shan koko. Kadiatu ta ce gida huɗu ko biyar sun ji maganarta sun riƙe irinsu, yanzu kuwa in ta yi sallama ba a amsawa da daɗi. Issah ya dawo daga kudu ya tare shi a hanya, ya ce ranar Alhamis ɗin nan teku ya yi hauka, masunta ba su fita ba, sai wasu 'yan banzan yara da ke ta hawan ruwa a kan katako tun safe. Mashudu ya ji abin ya soke shi a ƙirji, ya kuma ji wani sanyi: ashe lissafin bai yi ƙarya ba.

Sama ta bushe ƙayau. Rana ta dawo da ƙarfinta na kafin damina, irin wadda ke sa kwalta ta yi laushi. Tsiron Andani ya fara naɗe ganye da tsakar rana yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Ya koma fari-fari, ya kwanta. Mashudu ya wuce ta wurin ya ga Andani tsugune a tsakiyar gona shi kaɗai, yana taɓa matattun tsiron ɗaya bayan ɗaya. Bai ji ko ɗigon daɗin cewa ya yi gaskiya ba. Kalmarsa ce ta fara fito da mutumin nan gona. Ya sauka daga keke ya gaishe shi, Andani ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Sai cikin watan Mayu, wata safiya mai nauyi da gumi, balan-balan ya tashi ya nufi arewa maso gabas ya yi ta tafiya, ya ƙanƙance ya zama ɗigo, har gajimare ya haɗiye shi bai juya ba. Mashudu bai yarda da ido ɗaya ba. Ya jira washegari ya roƙa a ba shi wani ya saki, shi ma haka. Daren ranar aka yi ruwa mai nutsuwa, ba iska ba hayaniya, aka wayi gari ana yi. Bai jira ya ɗauke ba, ya taka keke cikin taɓo har Kasalgu, ya isa jiƙe sharkaf, ya durƙusa a zaure.

"Kawu, buɗe."

Imoru ya sa aka fito da tukunyar, ya fasa lakar da ƙotar wuƙa. Amma bai ce a tafi gona ba. Ya aika a kira Andani da wasu mutum biyu da irinsu ya ƙone. Da suka zo suka zauna, kowa kansa a ƙasa, ya sa ƙwarya ya riƙa ɗiba yana zuba wa kowa a gefen rigarsa. Uwargidansa ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa, don abin da zai rage ba zai rufe gonarsu ba. Ya ce ya sani, sauran wurin a sa dawa.

Andani ya kalli masarar da ke cinyarsa. Sannan ya ɗago ya dubi Mashudu.

"Sarkin Teku," ya ce, "gobe in ka ga wani abu a saman nan, ko mai daɗi ko marar daɗi, ka biyo ta gidana."

"Zan biyo, Baba."

"Kuma ka faɗa da Dagbanci."

Zauren ya ɗauki dariya, har uwargida. Mashudu ya yi dariyar shi ma, idonsa na zafi. So yake ya gode wa kawunsa, don ya san abin da tsohon ya haɗiye a kwanakin nan saboda maganar yaron da ya goya, amma duk kalmar da ya ɗauko sai ya ji ta yi kaɗan. Ya matsa kusa ya kama hannunsa da hannu biyu ya sunkuyar da kai. Imoru ya bar shi ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya zare hannun ya dafa masa ƙeya.

"Mun gode Allah, mun gode maka. Tashi, cire wannan takalmi na ofis. Ni zan sara, kai ka jefa, uku-uku, kada ka yi mini ɓarna."

Suka fita cikin yayyafi, tsohon a gaba da fartanya, Mashudu a baya da ƙwaryar iri, ƙafarsa na nutsewa cikin ƙasa mai sanyi har idon sawu.